Ina Takardar Ta Shiga? Yadda Kwamfuta Ke Ajiya da Yadda Za A Sauƙaƙa Nemowa

Ƙaramar hukumar Ungogo ta rungumi birnin Kano ta arewa da arewa maso yamma, tun daga Rijiyar Zaki a kan titin Gwarzo, ta biyo ta Bachirawa a hanyar Katsina, har Panisau da Rangaza da Yadakunya, inda gonakin gero da dawa ke nan tsakanin gidaje har yanzu. A wannan yanki wayar hannu ta shiga kusan kowane gida. Kwamfutar tebur kuwa tana ofis, tana makaranta, tana shagon buga takardu na bakin titi. Amma duk da ƙarancinta, aikin takarda mai yawa ya koma kanta: sakamakon jarrabawar ɗalibai, jerin sunayen 'yan ƙungiyar manoma masu neman taki, takardar cinikin gona, katin ɗaurin aure, wasiƙar neman aiki. Tun 2015, da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya ta kwamfuta, duk yaron da ke son shiga jami'a sai ya zauna gaban wannan na'ura, ko da a ƙauyensu babu wutar lantarki.

Masu wannan aiki galibinsu ba masana kwamfuta ba ne. Malamin firamare ne da aka ɗora wa haɗa sakamako, ko sakataren ƙungiya, ko yarinyar da ta yi wata uku tana koyon buga rubutu sannan aka bar mata shago. Da yawansu hannunsu ya faɗa da madannai, suna iya tsara shafi ya fito tsaf. Inda suke tsayawa cik shi ne washegari, idan aka ce su nemo abin da suka buga jiya. Maganar da za ka ji ba ta canzawa: "Wallahi na ajiye, amma ban san inda ta shiga ba." Sau da yawa akan sake buga takardar daga farko, alhali tana nan lafiya lau a cikin na'urar. Kafin a ce ga magani, ya kamata a fahimci yadda ajiyar take, da dalilin da ya sa aka tsara ta haka.

A can cikin kwamfuta babu takarda, babu aljihun tebur. Akwai faifan ajiya, wanda aka yanka shi gunduwa-gunduwa masu girma ɗaya, kowace da lambarta. A tsarin NTFS, wanda Windows ke amfani da shi, gunduwa ɗaya yawanci tana ɗaukar bayit 4,096, wato kusan shafi biyu na rubutu tsantsa. Idan ka ajiye wasiƙa, kwamfuta takan zuba ta a gunduwoyin da ba kowa a cikinsu, ko suna jere ko suna warwatse, sannan ta rubuta a wata babbar rajista cewa abu mai suna kaza yana gunduwa ta kaza da ta kaza, girmansa kaza, ranar da aka taɓa shi kaza. Wannan abu mai suna, shi ake kira fayil. Rajistar da ƙa'idojinta kuma su ne tsarin ajiyar fayil.

Folda kuwa ba akwati ba ce da fayil ke kwance a ciki, ko da yake haka ake zana ta. Jerin sunaye ce kawai, kowane suna yana nuna wurinsa a rajista. Sanin wannan yana warware abubuwa da dama da ke ba mutane mamaki. Shi ya sa za ka ɗauke bidiyon biki mai nauyi daga wata folda zuwa wata a faifai ɗaya, a gama kafin ka ƙifta ido: bidiyon bai motsa ba, sunansa aka cire daga wannan jeri aka sa a wancan. Amma in filas za ka kai shi, sai an kwafe gunduwoyin ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa yake ɗaukar lokaci. Haka ma gogewa. Abin da ake fara sharewa suna ne, a kuma yi wa gunduwoyin alamar cewa babu mai su. Rubutun kansa yakan jima a wurin har sai wani sabon abu ya hau kansa, wanda shi ya sa mai gyara kan iya dawo da abin da aka goge in an kai masa da wuri, musamman a tsofaffin faifai masu juyawa.

Akwai wani ruɗani da ya taso daga ofisoshinmu. A sakatariya, in aka ce "kawo fayil ɗin wane", ana nufin bangon kwali mai ɗauke da takardunsa duka, an ɗaure da zare. A kwamfuta kuwa wannan bangon shi ne folda, fayil kuma takarda guda ce. Ma'aikacin da ya shekara ashirin yana jera fayil a kabad, in aka ce masa ya buɗe fayil a kwamfuta, tunaninsa zai tafi ga bangon, kuma bai yi kuskure ba bisa abin da ya sani. Duk mai koyarwa ya dace ya raba masa wannan tun ranar farko.

Kwamfutocin farko ba su da folda a cikin folda. Sunaye ne a jere, kowa da kowa a wuri ɗaya. A 1965, masu gina wani tsari mai suna Multics a Amurka, wanda jami'ar MIT da kamfanonin General Electric da Bell Labs suka haɗa hannu a kai, suka bayyana wata dabara: a bar jerin sunaye ya ƙunshi wasu jerin, su ma su ƙunshi wasu, har iya yadda ake so. Robert Daley da Peter Neumann ne suka rubuta bayanin. Tsarin Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a 1969, ya gaji dabarar, daga nan ta bazu ko'ina. Amfaninta a bayyane yake ga na'urar da mutane da yawa ke amfani da ita tare: kowa da sashensa, kuma mutum biyu na iya sa wa takardunsu suna ɗaya ba tare da sun yi karo ba.

Tsarin ya yi kama da yadda muke kwatancen gida. In ka ce "gidan liman" kawai, ba ka faɗi komai ba, don limamai suna da yawa. Sai ka ce Jihar Kano, ƙaramar hukumar Ungogo, garin Panisau, unguwa kaza, sannan gidan liman, a lokacin ne kwatancen ya cika, domin kowane mataki yana cikin wanda ya gabace shi. Kowane fayil yana da cikakken adireshi irin wannan. Misali:

C:\Users\Ofis\Documents\Sakamako\Aji6.docx

Ana karanta shi daga hagu zuwa dama, daga babba zuwa ƙarami. Harafin C shi ne faifan. Users folda ce ta duk masu amfani da na'urar, Ofis sunan wanda ya shiga, Documents ma'ajiyar takardunsa, Sakamako folda ce da shi ya ƙirƙira, sai fayil ɗin a ƙarshe. Karkataccen layin da ke tsakani yana nufin "a cikinsa akwai".

Ko wannan harafi na C yana da tarihinsa. Ƙananan kwamfutocin shekarun 1970 da farkon 1980 da faifan sakawa da cirewa suke aiki, mai ramuka biyu, ana kiran na farko A, na biyu B. Haka tsarin CP/M na Gary Kildall ya yi, haka MS-DOS na kamfanin Microsoft ya gada a 1981. Da faifan dindindin ya zo, sai ya karɓi harafi na uku. Faifan sakawa da cirewa ya ɓace tuntuni, amma C ya zauna daram. Shi ya sa in ka soka filas sai ya fito da D ko E ko F, gwargwadon harafin da ke sake a wannan na'urar. Filas ɗin da ya zama E a makaranta yana iya zama G a shagon Bachirawa, bai kuwa lalace ba. MS-DOS bai ma san folda a cikin folda ba sai fitowa ta biyu a 1983, kuma a zamaninsa suna ba ya wuce harafi takwas, sai ɗigo, sai haruffa uku. Windows 95 ne ya buɗe ƙofar dogon suna, har harafi 255.

Zanen folda mai ruwan ɗorawa da muke gani yau daga cibiyar bincike ta kamfanin Xerox a Palo Alto ya samo asali. Sun fitar da na'urarsu mai suna Star a 1981 domin ma'aikatan ofis, suka ce a mayar da fuskar kwamfuta tamkar teburin aiki, a zana takarda da folda da tiren wasiƙu. Kamfanin Apple ya ɗauki dabarar a kwamfutocinsa Lisa a 1983 da Macintosh a 1984, Microsoft ya biyo baya. Dabara ce mai kyau ga wanda aka yi dominsa, wato akawun da ya tashi cikin kabad-kabad na ƙarfe masu aljihu, ya san bango a cikin aljihu, aljihu a cikin kabad. Gare shi zanen tunatarwa ce. Wanda bai taɓa zama a irin wannan ofis ba kuwa, an ba shi kwatancen abin da bai sani ba da wani abin da shi ma bai sani ba.

To, ta ina takarda ke ɓacewa? Mafi yawa a lokacin ajiyewa ne. In ka danna umarnin ajiya, wani ɗan akwati yakan fito yana tambaya biyu a lokaci ɗaya: wane suna, kuma a ina? Idon mai koyo yana kan wurin rubuta suna, domin nan ne alamar rubutu ke ƙyaftawa. Tambaya ta biyu tana can sama da ƙananan haruffa, an riga an amsa masa ita. Kuma kowace manhaja da amsarta. Word yakan nufi Documents, manhajar shiga intanet takan zuba komai a Downloads, na'urar ɗaukar hoton takarda tana da nata wurin, wasu kuma sukan koma duk inda wanda ya riga ka zama ya ajiye nasa. A kwamfutar da mutum biyar ke taɓawa a yini, wannan na ƙarshen shi ne babban mai ɓatar da kaya.

Na biyu, Windows yana nuna ƙofofi da yawa zuwa wuri ɗaya, sannan ya ɓoye ainihin adireshin. A gefen hagu na File Explorer, manhajar duba ajiya, za ka ga Desktop da Documents da Downloads da Pictures jere kamar kowannensu wuri ne mai zaman kansa, alhali dukkansu foldoji ne a ƙarƙashin sunan mai amfani a cikin C. Ita kanta fuskar kwamfuta da ake zuba kaya a kai folda ce. Saboda haka in shugaban makaranta ya shiga da sunansa, mataimakinsa ya shiga da nasa, kowa fuskarsa daban, sai ɗaya ya rantse cewa an goge masa aiki. A sababbin Windows an ƙara wani hawa. Idan an kunna OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, yana iya kwashe Documents da Desktop ya mayar ƙarƙashinsa, wasu fayilolin ma sunansu kawai za ka gani da hoton gajimare a gefe, jikinsu yana intanet. A inda data ke tsada kuma sabis ke ɗaukewa, wannan yana nufin takardarka tana gabanka amma ba za ta buɗu ba.

Na uku shi ne jerin abubuwan da aka buɗe kwanan nan. Mutane da yawa ta nan kaɗai suke komawa aikinsu, su buɗe Word su danna suna na sama. Hanya ce mai sauri, amma jerin ba ma'ajiya ba ne, tunawa ce kawai da adireshi. In an matsar da fayil, ko an canza masa suna, ko yana filas ɗin da aka zare, sai saƙo ya fito cewa ba a same shi ba. In kuma an buɗe wasu takardu da yawa bayansa, sunansa yakan sauka daga jerin. Mutum sai ya ɗauka takardar ta tafi, alhali hanyar da ya saba bi ce ta toshe.

Sai wutsiyar suna, wato haruffan da ke bayan ɗigo: docx ta Word, xlsx ta Excel, pdf, jpg ta hoto, exe ta manhaja mai aiki da kanta. Da ita Windows ke sanin wace manhaja za ta buɗe fayil. Amma yakan ɓoye ta tun daga kamfani, wai don kada ta rikita mutane. Sakamakon shi ne ka ga fayil biyu masu suna ɗaya a folda ɗaya, ɗaya Word ɗaya pdf, ka aika wanda ba shi ba. Mafi muni, mugun fayil yana iya sa wa kansa suna kamar na takarda, wutsiyarsa ta exe tana ɓoye.

Wannan ya kawo mu ga wata annoba da duk mai yawo da filas tsakanin shaguna ya sani, wadda ake kira bairos ɗin shotkot. Shotkot ɗan ƙaramin fayil ne wanda ba ya ɗauke da komai sai adireshin wani fayil, ana gane shi da 'yar kibiya a ƙasan hotonsa. Abin da cutar ke yi shi ne ta sa wa foldojinka na gaskiya alamar ɓoyewa, ta ajiye shotkot masu sunansu a madadinsu. Da ka danna, sai ta fara shiga na'urar, wani lokaci ma ta buɗe maka foldar don kada ka farga. Mai filas yakan ga kayansa sun koma kibiyoyi ya ɗauka sun salwanta, har ya yarda a wanke filas ɗin gaba ɗaya. A mafi yawan lokuta suna nan. Alamar farko ita ce filas ɗin yana nuna cewa a cike yake kamar da. In aka umarci File Explorer ya nuna ɓoyayyun abubuwa har da waɗanda tsarin ke karewa, sai su bayyana, a kwashe su, sannan a yi wa filas da kwamfutar magani. Akwai kuma wani abu game da filas da ya kamata kowa ya sani: abin da aka goge daga faifan kwamfuta yakan tsaya a kwandon shara, a iya dawo da shi, amma na filas ba ya biyawa ta kwandon.

Kamfanoni sun san da wannan wahala, sun kuma yi ta gwada magunguna. Na farko shi ne bincike: ka rubuta kalma, na'ura ta nemo. Apple ya kawo Spotlight a 2005, Windows Vista ya sa akwatin nema a kowace taga a 2007. Don abin ya yi sauri, kwamfuta takan gina fihirisar kalmomin da ke cikin takardu tun kafin a tambaye ta, sai dai a wasu foldoji kawai take yin haka, shi ya sa nema a Documents ke gudu, nema a filas ke rarrafe. Windows 7 a 2009 ya zo da abin da ya kira Libraries, taga guda mai haɗo kayan foldoji daban-daban. Windows 10 a 2015 ya kawo Quick access, inda foldojin da ka fi shiga ke taruwa da kansu, kana kuma iya kafe wadda kake so. Wayoyin zamani kuwa sai suka bi wata hanya dabam, suka ɓoye foldoji baki ɗaya. Hoto yana cikin manhajar hotuna, saƙo yana cikin WhatsApp, ba ruwanka da adireshi. iPhone ya fito a 2007, bai sami manhajar duba fayiloli ba sai 2017.

Wannan ya haifar da wani sabon yanayi, kuma ba a nan kaɗai ba. A 2021 jaridar fasaha ta The Verge ta ruwaito malaman jami'a a Amurka suna cewa ɗalibansu, waɗanda suka tashi da waya da Google, ba su gane tambayar "a ina ka ajiye?" ba. Matashin Rangaza da ya fara da waya kafin ya ga kwamfuta yana cikin wannan sahu. A waya bai taɓa buƙatar sanin wuri ba. Ranar da ya soka ta a kwamfuta don a buga masa takardar da aka turo ta WhatsApp, sai ya tarar da foldoji barkatai, hotunan kyamara a DCIM, na WhatsApp kuma, a sababbin wayoyin Android, an binne su hawa da yawa a ƙarƙashin folda mai suna Android, kowanne da suna irin IMG-20240512-WA0003, wanda ba ya gaya maka komai sai ranar da ya iso.

Masu bincike sun duba yadda mutane ke nemo kayansu a zahiri. Tun 1983 Thomas Malone ya lura da teburan ma'aikata, ya ga iri biyu ne: masu jerawa a bango mai suna, da masu tarawa tsibi-tsibi, kuma tsibin ba shirme ba ne, domin abin da ke sama yana tuna wa mai shi aikin da ke jiransa. Daga baya Ofer Bergman da Steve Whittaker da abokan aikinsu suka gano cewa ko da an inganta injin nema, mutane sun fi son bin folda zuwa folda, sai sun rasa wuri suke komawa ga bincike. Dalilin a fili yake. Nema yana bukatar ka tuno kalma daga kanka, bin hanya kuwa gane abin da idonka ya gani kawai yake bukata, kuma ganewa ta fi tunowa sauƙi. Sun kuma ga cewa yawancin mutane ba sa zurfafa ajiyarsu, kusan hawa uku suke tsayawa.

Idan aka haɗa waɗannan, ra'ayina shi ne cewa matsalar ba yawan foldoji ba ce, ba kuma ƙarancin basirar mai amfani ba. Kwamfutar tebur ta tsaya a tsakiya: ba ta ɓoye wuri gaba ɗaya kamar waya ba, ba ta kuma nuna shi a sarari ba. Tana ɓoye adireshi a ranar ajiya, ta nemi ka san shi a ranar nema. Kowane sabon sauƙi da aka ƙara, ƙofa ce aka ƙara a kan tsofaffin, ba a rufe ko ɗaya ba. Saboda haka sauƙaƙawa ta gaskiya ga malami ko mai shago a Ungogo rage wurare ce, tare da fito da adireshi fili, kuma wannan ba ya bukatar sayen komai.

A ƙirƙiri folda guda ɗaya, uwar ajiya, a sa mata suna da Hausa wanda ba zai saje da na Windows ba, misali AIKIN MAKARANTA ko AIKIN SHAGO. A kafe ta a Quick access, a sa shotkot ɗinta a fuskar kwamfuta. Dokar gida ita ce duk abin da ya shafi aiki nan yake shiga, Downloads kuwa zango ne, abin da ya sauka a ciki a kwashe shi a ranar. A cikin uwar ajiya kada a wuce hawa biyu ko uku. Makaranta na iya yin shekara, sannan aji. Ƙungiyar manoma na iya yin damina, sannan irin takarda. Mai shago ya yi wata, sannan sunan mai aiki. Abin da za a raba da shi shi ne abin da ake fara faɗa in an zo nema. In iyaye sukan ce "sakamakon bara na ɗan aji biyar", to shekara da aji ke nan.

Inda za a kafa uwar ajiyar ma abin dubawa ne. Kwamfutocin da ke hannun mutane da yawa na hannu ne, kuma idan suka fara nauyi ko cuta ta kama su, maganin da aka fi yi shi ne a wanke C a sake zuba Windows. Duk abin da ke Desktop da Documents yana cikin C, tare suke tafiya. Shi ya sa masu gyara da suka san aiki kan raba faifai gida biyu, su bar D domin kaya. In akwai D, a can ya dace uwar ajiya ta zauna. Sai dai a tuna C da D ɗin nan sau da yawa faifai ɗaya ne aka raba, in ya mutu duka sun tafi. Amfanin folda guda a nan ya sake fitowa: kwafe ta zuwa wani faifan waje duk ranar Alhamis aiki ne na jawo abu ɗaya, ba farautar takardu a wurare shida ba.

Suna shi ne rabin aikin. Word yakan ba da shawarar kalmomin farko na takarda a matsayin suna, shi ya sa za ka ga fayil goma duk suna farawa da bisimilla ko da sunan makaranta. Suna mai amfani yana faɗin mene ne, na wane ne, na yaushe. In za a sa kwanan wata, a fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2025-03-14, domin ta haka jeri bisa suna zai zama jeri bisa lokaci. Windows ba ya karɓar karkataccen layi a cikin suna, tunda shi ne mai raba matakan adireshi, haka ma ɗigo biyu na sama da ƙasa, da alamar tambaya, da tauraro, don haka ƙaramin layin kwance ake sawa. Game da haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, Windows yana karɓarsu a suna ba matsala. Amma wurin nema, wanda ya rubuta "kungiya" ba lalle ne ya sami fayil mai suna "ƙungiya" ba. A kwamfutar da mutane da yawa ke amfani da ita, a zauna a yanke shawara ɗaya a kan sunayen fayil, kowa ya bi.

Akwai saituna ƙanana da wanda ya kafa na'urar zai yi sau ɗaya, kowa ya huta. Ya kunna nuna wutsiyar suna. Ya mayar da kallon folda zuwa jeri mai bayani, inda suna da rana da iri ke fitowa, domin danna kan layin rana sau ɗaya yana kawo aikin jiya sama, kuma wannan kaɗai yana amsa rabin tambayoyin "ina ta shiga". Ya gaya wa Word cewa uwar ajiya ce wurin ajiyarsa na kullum. Ya sa manhajar intanet ta riƙa tambayar inda za ta sauke abu. In ba a bukatar OneDrive, ya hana shi kwasar foldoji. Windows 7 da Windows 10 suna da fassarar Hausa da ake iya ɗorawa a kan ta Turanci, tana kuma taimaka wa wasu, ko da yake wanda zai riƙa zama a kwamfutocin wasu wurare dole ya san kalmomin da zai tarar a can.

Saura koyarwa. Yawancin darussan koyon kwamfuta da buga rubutu suke farawa, ajiya sai a taɓa ta a minti biyar na ƙarshe. Da za a juya, da an rage asara. A ranar farko, kafin ɗalibi ya rubuta jimla, a nuna masa sandar adireshi da ke saman taga, ya danna ta ya ga cikakken adireshi ya bayyana, ya karanta shi da baki daga C har ƙarshe. A nuna masa bambancin kibiyar komawa baya, mai mayar da shi inda ya fito, da kibiyar hawa sama, mai kai shi foldar da ta ƙunshi wadda yake ciki. In ya nemo abu ta akwatin bincike, ya danna dama a kansa ya zaɓi buɗe wurin da yake, don ya ga inda ya kwana. Sannan a ba shi aiki: ya buga layi ɗaya, ya faɗi inda zai ajiye tun kafin ya danna, ya rufe komai, ya ba na kusa da shi adireshin a rubuce a takarda. In abokin ya nemo fayil ɗin ba tare da ya buɗe Word ba, an wuce wannan darasi, sai a shiga buga rubutu.